Inna Na Takaba, Ta Ce Dankalin Baba Take Marmari

Assalamu alaikum Anti. Ni mace ce mai shekara 34, ina aure a Kano. Mahaifinmu ya rasu wata biyu da suka wuce, Innarmu tana takaba, ni ce nake zuwa ina wuni da ita saboda gidana ya fi kusa. Tun rasuwar abinci ya fita daga ranta. Haƙoranta na ciki sun zube, nama ya fi ƙarfinta, tuwo kuma loma biyu take yi ta ture kwanon. Ran nan bayan magariba, ba wanda ya tambaye ta, sai ta ce tana marmarin dankalin da Baba yake yi mata. Shi Baba da ƙuruciyarsa kuku ne a gidan wani Bature a Bukuru, zamanin haƙar kuza. A can ya koyi wani girki na dankalin turawa da ake murjewa ya yi laushi lilis, da madara da tafarnuwa. Ta ce duk haihuwar da ta yi, da duk zazzaɓin da ya taɓa kwantar da ita, shi da kansa yake jan ƙofar madafi ya yi mata, don kada maƙwabta su gani.

Na gwada sau biyu. Na farko na dafa na zuba a bilanda, ya fito yana bin cokali kamar danƙo, ko kai mata ban yi ba. Na biyu na kirɓa a turmi, na daka ɗanyar tafarnuwa na zuba. Ta ɗauki cokali ɗaya, ta ce, "Allah ya yi miki albarka," ta mayar da murfin. Na shiga ɗaki na yi ta kuka. Abu ɗaya tal ta nema a duniya, na kasa yi mata. Anti, a ina nake kuskure? Ko in haƙura kawai, tunda mai yin sa ya tafi?

Wata baiwar Allah, Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya ba Inna da ku baki ɗaya haƙurin rashinsa. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma inda ya tsaya mini a rai shi ne wurin jan ƙofar madafin nan. Namijin wancan zamani da zai tsuguna gaban murhu saboda matarsa mai jego, lallai ba ƙaramin mutum kuka rasa ba.

Kada ki haƙura. Girkin nan bai fi ƙarfinki ba, abin da ya faru shi ne kin shige shi da hannun tuwo. Tun muna yara aka koya mana cewa abinci sai an ba shi wuya yake kyau: a tuƙa tuwo har kafaɗa ta yi tsami, a kirɓa sakwara har ta riƙa kama taɓarya, a dama fura har gudaji ya ɓace. A tuwo da sakwara danƙo muke nema, shi ne abin yabo. A girkin Baba kuwa danƙo shi ne lalacewa, kuma da zarar ya zo ba ya komawa.

Ga yadda abin yake. Cikin dankali akwai ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, jere kamar saƙar zuma, kowanne cike da sitaci. Idan ya dahu, sitacin yana shan ruwa ya kumbura, amma yana nan cikin ɗakinsa. Abin da ake so shi ne ɗakunan nan su rabu da juna ba tare da sun fashe ba, a nan ake samun laushin nan mai gari-gari da yake narkewa a kan harshe. Wuƙar bilanda cikin ƙiftawar ido take yayyaga su, taɓarya ma haka take yi, sai dai ita a hankali. Sitacin sai ya malalo ya haɗu da ruwa, ya koma irin wanda ake dama wa shadda. Wannan shi ne abin da kika gani yana bin cokali. Don haka ki jingine taɓarya, ki cire bilanda daga lissafi, muciya ma ki bar ta a rataye.

Kuskure na biyu tafarnuwar ce, kuma ina kyautata zaton ita ta sa Inna mayar da murfi. Ki ɗauki ƙwara ɗaya da ba a fasa ba ki shinshina, za ki ji kusan ba ta da wari. Sai an fasa ta ne wasu sinadarai biyu da suke zaune daban-daban a cikinta suke haɗuwa, su haifi wani da masana suke kira alisin, shi ne mai yajin nan da yake hawa kai. Gwargwadon dakan, gwargwadon ƙarfinsa, ke kuma kin daka ta lilis kin zuba ɗanya. Ga mai lafiya ma da nauyi, balle tsohuwar da ta yi wata biyu ba ta cika cikinta ba. Zafi yana kashe sinadarin da yake haddasa wannan haɗuwa. Idan aka dafa ƙwarar sukutum ɗinta, ba a yanka ba, ba a daka ba, sai ta yi laushi kamar man shanu, ta yi ɗan zaƙi, ƙamshinta ya kwanta. Shi ya sa nan gaba za ki ga na ce ki sa ƙwara 8, kada adadin ya tsorata ki. Takwas dafaffu ba su kai ɗanya ɗaya da aka daka tashin hankali ba.

Yanzu mu je kasuwa, don daga can aikin yake farawa. Mafi yawan dankalin turawan da muke ci daga Filato yake fitowa, daga wajejen Bokkos, Mangu, Barikin Ladi da Pankshin, inda tudu da sanyi suka karɓe shi. Asalinsa daga tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, ƙasashen Peru da Bolibiya na yau. Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16, Turawa kuma suka zo da shi ƙasar Jos, har ya samu sunan da muke kiran sa da shi. Kin ga ke nan Baba a bakin gonar ya koyi aikinsa, don Bukuru tana tsakiyar ƙasar dankalin. Abin da ya shafe ki a nan shi ne dankali iri-iri ne, kamar doya da rogo: akwai mai gari, akwai mai ruwa da santsi. Wani iri da ya yaɗu sosai a Filato, wanda manoma suke kira Nicola, mai ɗan tsawo da ciki rawaya, yana cikin masu santsin nan. Yana da daɗi a fate da miya domin ba ya watsewa, amma wajen murjewa yana saurin yin danƙo idan aka matsa masa. Idan kin je 'Yankaba ko duk inda kike saye, ki ce wa mai kaya mai gari kike so, sun san abin da kike nufi. Ki zaɓi wanda bawonsa ya riga ya kama jikinsa, ki bar sabon tono wanda bawo yake saɓulewa da an goga yatsa, don ruwa ya yi masa yawa. In kuma mai santsin kawai kika samu, ba komai, zai yi, sai dai ki ƙara sassauta hannu.

Duk wanda ya yi kore ko ya fara tsiro, ki yi hattara da shi. Hasken rana ne yake sa shi kore, kuma tare da koren akwai wata guba da ake kira solanin, mai ɗaci, mai murɗa ciki, wadda tafasa ba ta kashewa. In kaɗan ne ki yanke wurin da zurfi, in ya yi yawa ki jefar, kada ki ji asara. A gida ki shanya shi a kwando a wuri mai duhu da iska, ki fitar da shi daga leda, kuma kada ki sa ɗanyensa a firji, sanyi yana juya sitacinsa ya koma sukari.

Ki auna kilo 1, wato kamar manya shida ko bakwai. Na san ya fi cikin Inna, amma ina so ku ci tare, zan dawo kan wannan. Ki fere, ki raba kowanne gida huɗu, ki yi ƙoƙari su zo kai ɗaya, don kada wani ya narke wani yana da tauri a ciki. Kada ki yanka ƙanana kamar na fate, ruwa za su sha. Ki ɗauraye su sau ɗaya ko biyu har farin ruwan nan ya tafi. Sai ki zuba a tukunya, ki ɓare tafarnuwa ƙwara 8 ki jefa ciki sukutum, ki zuba ruwan sanyi ya sha kansu da kamar gaɓar yatsa ɗaya, ki sa gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi. Ruwan sanyi na ce. Mun saba jiran ruwa ya tafasa kafin mu zuba shinkafa ko taliya, amma dankali in ya faɗa tafasasshen ruwa bayansa yake dagargajewa cikinsa bai ji wuta ba. Idan ya tafaso ki rage wutar ya riƙa ɓararraka a hankali, minti 15 zuwa 20. Ki soka wuƙa a mafi girmansu: in ta shige ba gardama, kika ɗaga kuma dankalin ya zame da kansa ya koma ruwa, to ya yi.

Ga wurin da yawancin mutane suke tsallakewa, alhali rabin daɗin yana nan. Ki juye a gwagwa ruwan ya tsiyaye sarai, sannan ki mayar da dankalin cikin busasshiyar tukunyar, ki ɗora a wuta ƙasa-ƙasa minti ɗaya ko biyu, kina ɗan girgiza tukunyar. Za ki ga tururi yana tashi, gefen dankalin yana yin fari-fari kamar an barbaɗa masa gari, wani farin hoda-hoda yana kwantawa a gindin tukunyar. Ruwan da ya fita ya bar gurbi, wannan gurbi kuma madara da mai za su cika. Dankalin da ya riga ya ƙoshi da ruwa ba ya shan madara, sai ya zama salalam.

Kafin nan ki riga ki ɗora madararki a ƙaramar tukunya ta yi zafi, kofin shayi ɗaya da bai cika ba. Madarar gari da aka dama da ɗan kauri tana yi, ta gwangwani ta ruwa ma tana yi in kin sirka ta da ruwa daidai-wa-daida, amma ki duba da kyau kada ki ɗauko mai sukari mai kauri. Idan ɗanyar madarar shanu kika samu daga ruga, ita ce gaba da kowa, da sharaɗin ki tafasa ta sosai, domin akwai cututtukan da suke biyo ɗanyar madara, jikin tsoho kuma ba ya ɗaukar kasada. Nono da kindirmo ki bar su gefe, tsaminsu zai kai girkin wani wuri daban.

Murjewar kuma da zafinsa ake yi, kada ki bari ya huce. Idan Inna tana da rariyar ƙarfe mai ɗan faɗin ido, ita ce ta fi. Ki ɗora ta kan kwano, ki riƙa ɗiban dankalin biyu-uku tare da tafarnuwar, kina danna su da bayan ludayi, danna ƙasa kawai, ba juyawa. Za ki ga yana zubowa ta ƙasa siri-siri, yana taruwa kamar burabusko, ba gudaji ko ɗaya. Wannan ya fi dacewa da bakin da ba haƙora. In babu rariya, cokali mai yatsu ya isa, ko ƙarfen murje dankali da ake sayarwa wurin masu kayan kicin. Ki bi kowane wuri sau ɗaya ko biyu ki wuce. Ɗan gudaji nan da can ya fi danƙo sau dubu.

Mai ake fara sawa kafin madara, kuma da dalili: man yana lulluɓe sitacin, sai ya rage masa damar haɗuwa da ruwa. Babban cokali 4 na bota ya isa kilo ɗaya. Turawa ba sa jin nauyin zuba shi. Shahararren mai girkin nan na Faransa, Joël Robuchon, da wannan abincin ya yi suna a duniya, kuma lokacin da yake raye bota giram 250 yake sa wa kilo ɗaya. Wannan ya yi wa Inna yawa, mu tsaya a namu. A gidan Bature da bota Baba ya koya, amma zai yi wuya a ce da ita yake yi wa mai jego a gidansa. Zuciyata ta fi ba ni man shanu, kuma wannan tambaya ce da Inna kaɗai za ta amsa. In man shanu ne, ki soya shi tukuna yadda aka saba, ki tace, ki sa babban cokali 2 zuwa 3, don ƙamshinsa ya fi na bota ƙarfi. Ki kula kada ki yi amfani da wanda ya daɗe ya fara wari, dankali ba ya ɓoye aibin mai.

Sai ki riƙa tsiyaya madarar mai zafi kaɗan-kaɗan, kina ɗago dankalin daga ƙasa kina kifawa sama da cokali, yadda ake juya dambu don kada ya cuɗe. Ba lallai madarar ta ƙare ba. Alamar ya yi ita ce ki ɗebo cokali ki karkata shi, ya tsaya ɗan lokaci sannan ya sulale a dunƙule. Na Inna ki bar shi ya ɗan fi haka ruwa. Ki ɗanɗana gishiri, ki barbaɗa ɗan garin masoro. Daga nan ki ɗauke hannunki. Za ki ji yana yi miki ƙaiƙayi ki ƙara juyi biyu don ya yi sumul, to juyi biyun nan su ne suke ɓata shi.

Akwai wata hanyar tafarnuwar da ƙamshinta ya fi fitowa. Maimakon ki dafa ta cikin ruwan dankali, inda rabin ƙamshin yake bin ruwan da za a zubar, sai ki jefa ƙwarorin cikin madarar da man, ki bar su a wuta ƙasa-ƙasa kamar minti 15 har su yi laushin da bayan cokali zai murƙushe su. Kada ki yarda su soyu su yi ja, tafarnuwar da ta ƙone ɗaci take yi, kuma ba abin da yake gyara ta. Ni da ke ce, da hanyar farko zan fara, saboda ta fi sanyi a ciki. In Inna ta ce ba ta ji tafarnuwa ba, sai ki koma ta biyu. Dunƙulen ɗanɗano, kori, attaruhu da albasa duk ki riƙe su a wannan karon. Na san hannu ya saba, amma abin da take nema ɗanɗano ne mai sauƙi: dankali, madara, mai, tafarnuwa, gishiri.

Wannan abinci a can inda ya fito rakiya yake yi, ba ya zuwa shi kaɗai. Turawan Ingila da nama da romonsa mai kauri suke cin sa, kuma da wuya a ce ba haka Baba yake jera wa maigidansa a tebur ba. Ga Inna rakiyar tana da muhimmanci, domin dankali yana ba da ƙarfi amma ba ya gina jiki yadda nama da kifi da ƙwai suke yi, ita kuma jikinta ginawa yake so. Ki yi ɗan rami a tsakiya da bayan cokali, ki zuba romon kaza mai zafi wanda yaji bai yi masa yawa ba, ki yayyaga tsokar ƙanana-ƙanana. Wata rana kifi da aka zare wa ƙaya tsaf, wata rana hanta da aka dafa ta yi laushi, ko dafaffen ƙwai da aka murje, da ɗan alayyafo a gefe. A kai mata da zafinsa, a ƙaramin kwano. Babban kwano cike yana karya zuciyar wanda ba ya jin yunwa tun kafin ya sa hannu.

Ba ki gaya mini ko tana da wata larura ba, kuma dole in taɓo wannan. Idan tana da ciwon sukari, murjajjen dankali yana saurin ɗaga sukarin jini, don haka kaɗan za ta ci, tare da nama ko kifi da ganye. Idan hawan jini ne, ki rage gishirin da rabi, tafarnuwa da man za su rufe giɓin. Idan kuwa akwai ciwon ƙoda, ki tambayi likitanta kafin ki mayar da shi abincin kullum, saboda dankali yana da sinadarin fotashiyam da yawa, wanda ƙodar da ta raunana take kasa fitarwa. Sannan ki sa ido sosai. In kin ga tana ƙwarewa ko tari duk lokacin da ta haɗiyi abu, ko zoben hannunta da awarwaronta sun fara yi mata yawa, ko ruwa ma ba ta sha, ko ta daina barci da magana, to a kai ta asibiti, kada a ce ai takaba ce. Mai takaba ba a hana ta fita neman magani ba. Baƙin ciki yana ɗauke cin abinci, gaskiya ne, amma wani lokaci ciwo ne yake fakewa a bayansa.

Abin da ya rage kada ya wuce awa biyu a waje, musamman da zafin Kano, don akwai madara a ciki. In akwai wuta ki sa a firji, ki ɗumama gobe da ɗan ƙarin madara a wuta ƙasa-ƙasa har ya yi zafi ciki da bai. In ba tabbas ɗin wuta, ki yi daidai ci. Wanda kuma ya riga ya yi danƙo, ki fasa masa ƙwai, ki yanka lawashi, ki mulmula ki ɗan daddanna, ki soya a mai kaɗan, jikoki za su cinye.

To, yanzu maganar da ta fi duk waɗannan. Ko kin bi abin da na faɗa ba ki tsallake ko ɗaya ba, mai yiwuwa ne Inna ta ɗanɗana ta ce ba haka nasa yake ba. Ki shirya wa jin wannan tun yanzu, kuma in ta faɗa kada ki ɗauka da ke take. Matar da aka yi wa girki a ɓoye shekara da shekaru, abin da take tunawa ya haɗa da ƙarar jan ƙofar nan, da takun sawunsa yana tahowa da kwano a rufe. Wannan ba ya cikin tukunyarki, ba ya cikin ta kowa. Kuma ki sake duba abin da ta yi ran nan. Cikin 'ya'yanta da jikokinta da masu zuwa gaisuwa, ke ta buɗe wa sirrin da mijinta ya ɓoye wa unguwa guda. Da abincin bai yi mata ba, albarka ta sa miki.

Na taɓa jinyar goggona bayan rasuwar mijinta, kuma kuskuren da na daɗe ina yi shi ne tsayawa a kanta. In kawo kwano in zauna ina kallon bakinta, ina ƙirga loma, ina cewa, "Goggo, ƙara ko ɗaya." Ashe kallon nan kansa yana toshe maƙogwaro. Ranar da ta fara cin abin kirki, ban kai mata komai ba. Na shimfiɗa tabarma a bakin madafi ina gyaran wake, ta fito shan iska ta zauna, ta dube ni ta ce ba haka ake yi ba, ta ja farantin gabanta. Da abincin ya sauka muka sa hannu a kwano ɗaya, ina ba ta labarin wata rigimar maƙwabta, ban ankara ba sai ganin gindin kwano na yi.

Don haka a karo na uku kada ki yi shi a ɓoye ki kai mata a rufe kamar jarrabawa. Ki zaɓi lokacin da gida ya yi shiru, masu gaisuwa sun watse. Ki ce, "Inna, zo ki nuna mini yadda Baba yake yi, ni na kasa." Ko da ƙofa a ja yake yi, mace ba ta rasa sanin abin da ya faru a madafinta: ta san tukunyar da take tararwa a wanke, ta san ko kwalbar man shanunta ce take raguwa, ta san ko da cokali yake kawo mata ko da hannu take ci. Ki sa mata kujera 'yar tsugunno inda hayaƙi ba zai dame ta ba, ki miƙa mata tafarnuwar ta ɓare. Ki tambaye ta ko yana da ruwa-ruwa ko yana tsayawa, ko fari ne ko yana da ɗan rawaya, ko da romo yake haɗa mata. Duk abin da ta faɗa ki bi, ko ya saɓa wa nawa, don ita ta ci na ainihi, ni ban ci ba. In magana ta ja ta zuwa Bukuru, da sanyin can, da haihuwar yayanku na fari, ki bar ta ta yi ta yi. In hawaye ya zo kada ki yi saurin cewa ta yi shiru, ki rage wutar kawai ki zauna kusa da ita, dankali yana iya jira a ruwan zafi minti biyar.

Ranar farko cokali uku ma ci ne, kada ki roƙi na huɗu. Ki zuba naki a kwanon nan ɗaya, ki ci da gaske, ki bar nata gefen yadda yake. Sauran wata biyu da 'yan kwanaki ta fita takaba, akwai lokacin gwaji da yawa a gabanku, kuma duk gwaji za ta ƙara tuno wani abu da za ki gyara. Abin da ta faɗa ki rubuta a takarda, awo da komai, ki ba ƙannenki mata da matan 'yan'uwanki, don ranar da ba kya nan a samu mai yi mata.

Ki gaishe mini da Inna, ki ce ina yi mata ta'aziyya. In kun yi, ki rubuto mini ki gaya mini ko man shanu ne ko bota.